Allon lantarki a ajin koyon karatu: darasin Malawi da tsohon gwajin Yamai

A shekarar 2023 gwamnatin ƙasar Malawi ta soma wani babban shiri na kai allon lantarki, wato ƙaramar kwamfutar nan marar kauri da ake kira tabilet, cikin dukkan makarantun faramare na gwamnati, domin yaran azuzuwa huɗu na farko su koyi karatu da lissafi da shi. Wasu ƙasashe sun riga ta bin wannan hanya, suka zuba dukiya mai yawa, suka dawo hannu rabbana. Uban da ke sayen kaye da bik kowace damina ta wuce, da ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar kwangila, da ɗan kasuwar da wata rana za a ce ya shigo da kayan, duka ya kamata su san dalilin da ya sa na'ura iri ɗaya ta yi amfani a wani wuri, ta zama tarkace a wani.

Ciwon da ake nema ma magani

Malawi ƙasa ce ta kudu maso gabashin Afirka, ba ta da bakin teku, kuma mafi yawan mutanenta manoma ne. A 1994, da shugaba Bakili Muluzi ya soke kuɗin makarantar faramare, yawan ƴan makaranta ya tashi daga kusan miliyan 2 zuwa kimanin miliyan 3 cikin shekara guda. Yara sun zo, amma ba a samu ɗakuna da malaman da za su ishe su ba. Aka riƙa ganin aji mai yara fiye da ɗari a gaban malami ɗaya, wani lokaci ma a gindin icce. Bayan shekaru, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 87 cikin ɗari na yaran ƙasar masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a Nijar. Awon PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu aiki da Faransanci ke gudanarwa, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na yaran da ke ƙare faramare a ƙasar nan ne suka kai matsayin da ake buƙata a karatu. A awon 2019 adadin ya hau zuwa kimanin kashi 30. An ci gaba, babu shakka, amma ma'anarsa ita ce yara bakwai cikin goma sun shafe shekara shida a lakkol ba su riƙe karatu yadda ya kamata ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin CI ya san inda gizo ke saƙa. Malami ya rubuta baƙaƙe a babban allo, ya nuna da sanda, ya faɗa, aji duka ya amsa da murya ɗaya har a jiyo su daga bakin hanya. Cikin wannan amo akwai yaron da ya gane cewa wannan zane shi ke ba da wannan sauti, akwai kuma wanda bakinsa kawai ke motsi, yana bin waƙar ƴan uwansa. Malamin da ke gaban yara tamanin ba shi da halin sauraren kowane ɗaya shi kaɗai, ko da sau ɗaya a mako. Yaron da ya ɓace a CI ya wuce CP da ɓatansa, ya kai CM yana kwafe rubutun allo da kyakkyawan hannu alhali bai san abin da ya kwafa ba. Karatu kuwa sai an koya ma yaro shi ɗaya, a ji kuskurensa, a gyara masa nan take. Wannan gurbi ne masu allon lantarki suka ce za su cike.

Rabin sa'a a rana

Manhajar da Malawi ke aiki da ita, wato darussan da aka zuba cikin allon, wata ƙungiya ce ta birnin Landan mai suna onebillion ta tsara ta. An fara gwada ta a 2013 a makarantar Biwi da ke Lilongwe, babban birnin ƙasar, ƙarƙashin kulawar wata malamar jami'ar Notingam ta Ingila, Nicola Pitchford. Gwajin farko na lissafi ne, rabin sa'a a rana har mako takwas. Da aka ga yaran sun ƙaru, sai aka haɗa darussan karatu cikin Ciicewa, harshen da mafi yawan yaran ƙasar ke ji tun daga gida.

Yaro ya zauna, ya sa abin saurare a kunne, ya taɓa gilashin allon. Hoton wata malama ya fito, ta yi masa magana da harshensa. Ta nuna masa baƙi, ta faɗi sautinsa, ta ce ya bi zanensa da ɗan yatsa. Daga nan ta haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, ta haɗa gaɓoɓi su zama kalma, ta ce ya zaɓi kalmar da ta dace da hoto. In ya dace ya ji alamar yabo, in ya kuskure a maimaita masa ba tsawa ba bulala, kuma babu wanda ya ji balle a yi masa dariya. Akwai kuma gajerun labarai da muryar ke karantawa, kowace kalma na haskawa lokacin da ake faɗin ta. A farkon zama akan yi ma yaron ƴan tambayoyi kaɗan domin a gane inda ya tsaya, sannan a ba shi darasin da ya yi daidai da shi. Yara biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana kan baƙaƙe, ɗaya ya kai ga jimla.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga wannan tsari da mamaki ba. A can ma kowane almajiri da allonsa da wurin da ya tsaya, kuma ba a wanke masa a rubuta sabo sai ya riƙe na jiya. Makarantar boko ce ta zo da tafiyar aji gaba ɗaya, wanda ya riƙe da wanda bai riƙe ba.

Sauran sharuɗɗan ba su da ƙyalƙyali, amma su ne ƙashin bayan aikin. Allon ba ya buƙatar intanet, kuma a kulle yake, babu abin da ke ciki sai darasi. Ba a ba yaro ya tafi da shi gida. Kayan makaranta ne, yara da yawa ke karɓa-karɓa da allo guda cikin yini. Da an tashi a mayar da su cikin akwatin ƙarfe, a caja su da wutar hasken rana. An kuma yanka ma darasin lokacinsa a jadawalin aji, malami na tsaye yana zagayawa, yana duba wanda ya maƙale.

Abin da awo ya nuna

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, wata ƙungiyar Amurka mai suna Imagine Worldwide, tare da masu bincike na jami'ar Malawi, ta yi gwaji a makarantun gwamnati biyu. Aka raba yaran aji biyu da ƙuri'a, domin kada a ce an zaɓi masu ƙoƙari: wasu suka sami minti 40 na allon karatu kowace rana, wasu suka ci gaba da darasin da aka saba kawai. Bayan wata takwas, aka tarar waɗanda suka yi aiki da allon sun wuce takwarorinsu da abin da ya kai ƙarin karatun kimanin wata biyar. Riba ce ta gaske, amma tana da iyaka: mafi yawan yaran ba su kai ga karatu a guje ba tukuna, kuma makarantu biyu da masu bincike ke zirga-zirga a cikinsu ba daidai suke da dubban makarantun ƙauye ba.

Gwaji mafi tsanani a Tanzaniya aka yi shi. Wata gidauniyar Amurka, XPRIZE, ta sa gasar dalar Amurka miliyan 15, da kuɗin attajirin nan Elon Musk, ga duk wanda zai iya tsara manhajar da yaro zai koyi karatu da ita shi kaɗai. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019 aka raba alluna ga yara kimanin 2700 a ƙauyuka 170 na yankin Tanga, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Kafin a soma, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ne ke iya karanta ko da kalma ɗaya ta Suwahili. Bayan wata 15 sun kai kashi 45, kuma kimanin kashi 30 na karanta jimla. A watan Mayun 2019 aka raba babbar kyautar tsakanin onebillion da wata manhaja mai suna Kitkit School. Ko a nan, inda aka ce babu malami, akwai mutane a bayan aikin: an kafa wurin caji na hasken rana a kowane ƙauye, an kuma ɗora ma wani babba na garin kula da allunan.

Da waɗannan sakamako a hannu ne gwamnatin Malawi ta ƙaddamar da shirin da ta sa ma suna BEFIT. An fara da makarantu 500 a watan Satumban 2023, da niyyar kai wa makarantu kimanin 6000 da yara miliyan 3 da dubu 800 kafin ƙarshen 2029. Masu shirin sun ƙiyasta cewa in ya game ƙasa, kuɗinsa ba zai kai dalar Amurka 7 ga kowane yaro a shekara ba, wato kimanin jikka huɗu na Sefa. Masu ba da agaji ne suka ɗauki nauyin sayen kayan farko, bisa sharaɗin gwamnati ta karɓi ragamar daga baya. Ranar da ta karɓa, ranar ce za a san ƙarfin shirin.

Inda aka yi hasara

Kafin Malawi, an yi wani yayi da ya fi wannan ƙara. A watan Nuwamban 2005, a taron duniya kan sadarwa da aka yi a birnin Tunis, wani malamin jami'a Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya nuna ma duniya wata ƴar koriyar kwamfuta, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan na gefensa. Aka ce za a sayar da ita dalar Amurka 100, kowane yaro ya sami tasa, ya koya ma kansa. Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka ta sayi fiye da dubu 800. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun ƙauye 319: bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar sarai, amma a karatu da lissafi ba su fi waɗanda ba su samu ba. Na'urorin sun isa ba tare da darasin karatu mai hawa-hawa ba, ba a yanka masu lokaci a jadawali ba, malamai da yawa kuma ba su san abin da za su yi da su ba.

Darasin Kenya ya fi amfani ga ma'aikacin da ke riƙe da kasafi. A 2013, cikin wani shirin gyara koyar da karatu mai suna PRIMR, aka yi gwaji a yankin Kisumu. Dukkan makarantun shirin sun sami littattafai da jagoran malami da horo. Sannan aka raba su uku: a wasu aka ba kowane yaro na'urar karatu, a wasu aka ba malami allon lantarki, a wasu kuma masu zagayawa suna duba aikin malamai kaɗai aka ba. Duka ukun sun fi makarantun da ba su cikin shirin, amma ba a ga wani babban bambanci tsakaninsu ba, alhali kuɗin ba kowane yaro na'ura ya ninka sauran nesa ba kusa ba. Da aka zo faɗaɗa aikin ga ƙasa duka a 2015, da sunan Tusome, sai aka ba kowane yaro littafin takarda, aka ba masu duba malamai allon, suna shiga aji suna sauraren yara suna rubuta abin da suka ji. Allo ɗaya a hannun mai duba makarantu goma sha ya taɓa yara dubbai.

Har ƙasashe masu arziki sun ja linzami. A 2023 gwamnatin Suwidin, wadda ta daɗe da cika ƙananan azuzuwa da alluna, ta ware ɗaruruwan miliyoyin kuɗin ƙasar domin sayen littattafan takarda, bayan awon duniya na 2021 ya nuna karatun yaranta ya ɗan ja baya. A wannan shekarar ce kuma hukumar UNESCO, cikin rahotonta na shekara kan ilimi, ta gargaɗi gwamnatoci da su nemi hujja kafin su sayi na'ura, domin kaso mai yawa na shaidar da ake nunawa daga bakin masu sayarwa take fitowa. Halin Suwidin dabam ne da na Malawi: can yaro na da malami da littafi da ɗan ƙaramin aji, allon ya zo ya rage masa lokacin littafi; nan kuwa ya zo ya ba shi rabin sa'ar da babu mai ba shi ita.

Yamai, 1964

Nijar ba ta buƙatar zuwa nesa neman misali, domin tana cikin ƙasashen farko a duniya da suka gwada koyar da ƙananan yara da gilashi mai hoto. A 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka buɗe telebijin na makaranta da taimakon Faransa. Ba da jimawa ba shirin ya kai azuzuwa 22 a Yamai da kewaye, da yara kimanin 800. Kowace rana akan watsa gajerun darussa na kimanin rubu'in sa'a, sannan wani mai kula da aji, wanda galibi takardar ƙare faramare ce kawai gare shi sai ɗan horo, ya ci gaba da aikin tare da yaran. Baƙi masana sun zo daga ƙasashe dabam-dabam sun gani, sun yaba da yadda yaran ke magana da Faransanci ba tsoro, da yadda ba su gudun makaranta.

Duk da haka shirin bai taɓa game ƙasa ba. Ya tsaya ne kan kuɗi da ƙwararrun waje, yana tafiya a gefen sauran makarantu kamar bare, kuma malaman da suka fito makarantar horon malamai ba su ɗauke shi nasu ba. Zuwa 1979 ya kau, kayan aikinsa suka zama tushen telebijin na ƙasa. Kodibuwa, wadda ta ɗauki irin wannan hanya a 1971 ta kuma faɗaɗa ta ƙwarai, ita ma ta rufe nata a 1982. Abin da ya kashe su bai rasa nasaba da abin da ke jiran kowane shirin allo: wane ne zai biya bayan baƙo ya tafi, kuma malamin aji ya yarda ko bai yarda ba.

Akwai wani gwaji na baya-bayan nan da ya nuna ɗaya fuskar. A 2009 da 2010, a ƙauyuka fiye da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS tare da wata mai bincike, Jenny Aker, sun shigar da ƙaramar salula cikin ajin yaƙi da jahilci na manya, ana koya masu rubuta saƙo da Hausa ko Zabarmanci. Waɗanda suka yi aiki da salular sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma fifikon bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Na'urar mai araha ce, malami na nan, harshen kuma na gida ne.

Da wane harshe allon zai yi magana?

A nan ne maganar ta fi nauyi. Yaron Malawi ya ji malamar cikin allo da Ciicewa, na Tanga ya ji ta da Suwahili. Yaron Tasawa ko na Madawa da za a miƙa ma allo mai magana da Faransanci zalla an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: gane sirrin baƙaƙe, da gane harshen da bai taɓa ji a gida ba. In ya haɗa gaɓoɓi ya fitar da kalmar da bai san ma'anarta ba, ba shi da hanyar sanin ko ya dace. In kuwa ya haɗa "ra" da "go" ya ji "rago" ya fito daga bakinsa, shi da kansa zai san ya karanta.

Ƙasar nan na da tsohon jari a wannan fanni. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci, daga baya aka ƙara wasu da sauran harsunan ƙasa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan gida, sannan kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Akwai ƙa'idar rubutu, akwai littattafan gwaji, akwai tsofaffin malaman da suka san aikin.

Amma zuba Hausa cikin allo ya wuce a fassara na wasu. Dole a tsara jerin baƙaƙen bisa yadda Hausa ke aiki da su, a ba masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, darasinsu na musamman, domin yaron da bai raba "baki" da "baƙi" ba bai iya karatu ba tukuna. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa "gari" na mutane da "gari" na tuwo ke fitowa iri ɗaya a takarda. A nan murya mai rai cikin allo na iya yin abin da littafi ba ya iyawa. Sai kuma a yanke shawara kan muryar da za a ɗauka, domin furucin Damagaram dabam yake da na Adar da na Arewa. Sai ɗaruruwan gajerun labarai na rijiya da kasuwa da garke, waɗanda marubuta da masu zane na gida za su yi. Wannan aiki ya fi sayen kaya cin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Haka za a sake yi ma Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, in ba a so a bar wasu yara a baya.

Lissafin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwar da ya taɓa sayen babbar mota ya san kuɗin saye shi ne mafi sauƙi. Taya da mai da makaniki su ke nuna ko za a ci riba. Haka allon yake. Bayan kuɗin kaya da na sufuri da na duwan, akwai rigar roba da za ta kare shi in ya faɗi, da abin saurare wanda wayarsa ba ta jure hannun yara, da faifan hasken rana da batir, da akwatin ƙarfe da kwaɗo da mai gadi. A ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci, saboda haka kowace makarantar ƙauye sai ta sami wutarta. Zafin watan Afrilu na rage ma batir kwana, ƙurar hunturu na toshe ramin caji. Ana buƙatar mai gyara da babur da kayan canji, sannan bayan ƴan shekaru a sake sayen allunan gaba ɗaya.

Abin da ke rage nauyin shi ne karɓa-karɓa. Alluna 30, in ana ba kowane rukuni rabin sa'a, sun ishi yara 120 cikin sa'a biyu. Wanda ya ce sai kowane yaro ya sami nasa ya ninka kuɗin sau huɗu ba tare da ya ƙara ma yaron minti ɗaya na darasi ba.

Akwai kuma abin da za a bari domin a sayi wannan. Dubban azuzuwa a ƙasar nan na zana da kara ne. A watan Afrilun 2021 gobara ta ci irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, fiye da 20 suka sake rasuwa ta wannan hanya. Iyayen da suka ga haka suna da hakkin tambaya ko kuɗin allo ba zai fi amfani a siminti da kwano ba. Akwatin alluna ma sai da ɗaki mai ƙofa. Haka nan malamin kwantaragi da ke jiran albashinsa, in aka ce ya ɗauki nauyin kayan da suka fi albashinsa na shekara tsada, ba tare da horo ko kariya ba, abin da zai yi sananne ne: ya kulle akwatin ya aje makulli, kada wani abu ya fashe a ce ya biya.

Saboda haka duk ranar da irin wannan shiri ya zo teburin ma'aikata ko na magajin gari, tambayoyin da suka kamata ba su da yawa. Da wane harshe allon ke magana, kuma wa ya duba darussan? Wace sa'a aka yanka masa a jadawali, wane darasi ne ya matsa masa? Wa ke gyara, cikin kwana nawa? Daga wane layi na kasafin ƙasa za a biya a shekara ta biyar? Ga ɗan kasuwar da zai nemi kwangilar, mutuncinsa da na ma'aikatar za su fi tsira in aka ɗaura biyan kuɗi kan yawan allunan da ke aiki a ƙarshen shekara, maimakon yawan kwalayen da aka sauke ranar buki.

Awon kansa ba ya buƙatar na'ura. A ƙarshen shekara sufeto ya shiga ajin CP, ya kira yara goma da ƙuri'a, ya miƙa ma kowanne takarda mai layi uku da bai taɓa gani ba, ya saurare shi minti ɗaya, sannan ya tambaye shi abin da labarin ya ce. Ya yi haka a makarantar da ta sami alluna, ya yi a maƙwabciyarta da ta sami littattafai da horon malami da kuɗi daidai da na allunan. Kenya ta yi irin wannan kwatanci kafin ta zaɓa, Malawi ma ta auna kafin ta faɗaɗa, Peru kuwa sai da ta saya sannan ta auna.